Hoton da Ya Fito Fari

Keken Hajiya a naɗe a bayan mota. Jakar magani. Famfas na manya. Zannuwan canji, fulas ɗin shayi, ƙaramin filo na tokare wuya, tsumma, robar ruwa. Can ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwan, wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa wadda kusurwoyinta suka fara laushi. A duk kayan, ita kaɗai ce ba ta Hajiya ba.

Tasi ta faɗa rami, kan Hajiya ya daki ƙirjin Matar Yaya na hagu. Ta cije leɓe, ta gyara wa tsohuwar filo.

"Direba, ƙwai ka ɗauko fa," in ji Hajiya. Bakinta ya karkace tun da ɓarin jikinta ya shanye, amma maganar ba ta rage kaifi ba.

"Hajiya, ramin ne ya taso ya same ni, ni ina kan hanyata."

Matar Yaya ba ta yi dariya ba. Haka kowa ke kiranta. Auta, ƙanwar mijinta, ce ta laƙaba mata, sunan ya bi ta har wajen maƙwabta. Ita ke ɗaga Hajiya, uwar mijinta, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, kuma ita ke kai ta asibiti gashin ƙashi duk mako.

Hanyar sashen gashi ta gaban wata koriyar ƙofa take bi. Matar Yaya ta san ƙofar. Bara waccan a bayanta aka cire mata ƙullutu daga nonon hagu. Da sakamako ya fito aka ce ba daji ba ne, gida ya ɗauki murna, aka yi hamdala, aka toshe kunne daga sauran maganar. Likita ta ce ta riƙa dawowa ana duba ta. Sau ɗaya ta dawo, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ba ta a ambulan, aka ce ta kawo wa likita ta gani. Kafin ranar ta zo, Hajiya ta faɗi a banɗaki.

Mijinta ne ya duba hoton. Mai hoto ne, da shagonsa a bakin babban titi, kuma har yanzu yana ajiye da tsohon teburin gilashi mai fitila a ƙasa, wanda yake duba fim a kai tun kafin zuwan kwamfuta. Ya shimfiɗa hoton a kai, ya sa tabarau, ya bi shi kusurwa-kusurwa.

"Fari tas, Madam," ya ce. "Ko ɗigon baƙi babu. Ni da na tsufa a cikin hoto, in akwai tabo ai idona ba zai tsallake shi ba. Je ki ji da Hajiya."

Tun daga nan take wuce koriyar ƙofar tana tura keke.

Yau, da aka kwantar da Hajiya a gadon gashi, ma'aikacin ya ce ta ɗan jira a waje. Ba ta zauna a benci ba. Ta zaro ambulan ta nufi ƙofar.

Nas ɗin da ke bakin tebur ta ɗago kai, ta daɗe tana kallonta.

"Ba ke ce matar mai hoto ba? Baiwar Allah, ai mun gaji da kira."

"Ba wanda ya kira ni."

"Lambar maigidanki ce a katinki, shi ya bayar ranar aiki. Duk kiran da muka yi shi ke ɗauka. Ya ce ya duba hoton da kansa, lafiya lau, an gode." Nas ɗin ta taɓe baki. "Har cewa ya yi in muna da biki mu neme shi."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta maƙala hoton a jikin fitilar bango, ya haska kamar hadarin da bai yi duhu ba.

"Me kika gani?"

"Fari."

"To, a irin wannan hoton, abin da muke tsoro shi ma fari yake fitowa. Wasu matan kitse ne ya fi yawa a nononsu, sai hoton ya fito da duhu, ko ƙaramin abu ya ɓuya a ciki mu hango shi. Ke naki tsoka ce a cunkushe, mai kauri. Fari a cikin fari, ina za ki gan shi? Wannan ba cuta ba ce, halitta ce, mata da yawa haka suke. Amma tana ɓoye abu, kuma masu ita sun ɗan fi sauran mata haɗarin kamuwa da daji. Ga kuma ƙullutun da muka cire. Ba daji ba ne, amma ba irin wanda ake cirewa a manta ba ne. Irinsa yana nuna a riƙa sa ido. Abu biyu suka haɗu miki, shi ya sa muka ce hoto kaɗai bai isa ba, sai da sikanin."

Ta sa ta kwanta ta ɗaga hannu. Yatsun likitar suka zagaya, suka zo gefen tsohon ɗinkin, suka tsaya.

"Tun yaushe wannan?"

"An kwana biyu. Na ɗauka tabon aikin ne."

"Ba a kan tabon yake ba." Likitar ta wanke hannu. "Ba zan ce miki daji ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Ki zo ranar Talata da safe a yi sikanin, a ɗebi ɗan nama da allura a auna. Ki zo ke kaɗai, ba da maras lafiya ba. Bayan allurar kuma sai ki huta da ɗaukar nauyi na kwana biyu. In ta kama a yi aiki, hutun zai fi haka tsawo. Ki ba nas lambarki, taki ta kanki."

Daga waje wata murya ta ratso: "Ina mai jinyar Hajiya?" Matar Yaya ta ɗaura ɗankwali a tsaye, ta fita da sauri. Ta tarar da Hajiya tana huci, wai an bar ta a gado kamar kayan wanki.

Da yamma ta sami mijinta a shago. Fuskar wata amarya ta cika gilashin kwamfutarsa, yana bin ƙurajen goshinta ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Bai juyo ba sai da ta kai kan maganar kira.

"Sun kira, e. To me zan ce musu? Hajiya na kwance, ke kina fama, in zo in ɗora miki wata fargabar? Tausayinki na ji."

"Ta ce abin fari yake fitowa."

"Fari." Ya yi 'yar dariya. "Madam, tun kafin a haifi likitar nan nake wanke hoto. Haske fari ne, lahani baƙi ne. Su dai in ba su sa wuƙa a jikin mutum ba abinci ba ya yi musu daɗi. An yanka ki sau ɗaya, me aka samu? Ba komai."

"Ba ta ce ba komai ba."

"Ta ce ba daji ba. Ina wurin." Ya koma kan goshin amarya. "Talata ina da ɗauka a wurare biyu. Lokacin bukukuwa ne, kin sani. Ki bari a ɗan sarara, ni da kaina zan kai ki. Ko ki yi wa Auta magana."

Auta ta zo ranar Lahadi, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga falo. Ta kawo wa Hajiya lemo da ayaba, ta sumbace ta a goshi, ta ɗauki hotonsu tare da waya.

"Matar Yaya! Babbar likitar gidanmu. Wallahi in ba ke ba da tuni mun tashi daga aiki."

"Ina so ki riƙe min Hajiya ranar Talata. Da kwana biyu bayan nan."

Auta ta ajiye wayar. "Talata? Ranar da shugabanmu ke zagaye? Kina so a kore ni in dawo mu zauna mu biyu muna kallon juna?" Ta saurari bayanin tana gyaɗa kai, tana murza zoben hannunta. "Kai, waɗannan likitocin. Wata abokiyar aikina haka aka tayar mata da hankali, ashe maiƙo ne kawai. Kuma ke da aka riga aka wanke ki? Ni fa kin san bayana. Ko bokiti na ɗaga sai na kwana a kife. Ga zuciyata ba ta jure canjin famfas, amai nake yi, Hajiya ta ji kunya, ni in ji kunya. Bari mu nemo mai aiki."

"An kawo biyu, Hajiya ta kore su."

"To kin gani? Hannunki kawai ta sani. Ke kika sangarta ta." Ta yi dariya ta dafa kafaɗarta, ta hagu. Matar Yaya ta ɗan janye. Auta ba ta lura ba.

Talata ta zo ta wuce. Nas ta kira, wannan karon a wayarta, tana tsakiyar canza zanin gado. Ta ce a sake sa mata wata ranar. Ita ma ta wuce: Hajiya ta tashi da zazzaɓi, Mai Hoto yana wajen gari ɗaukar ɗaurin aure, wayar Auta a kashe.

Daga nan ta daina lissafin ranaku, ta koma lissafin jikinta. Abin da yake kamar ƙwayar gyaɗa ya fi haka. Da in ta taɓa yana ɗan gocewa, yanzu ya kafe wuri ɗaya. Hammatarta ta yi nauyi. Wata safiya ta ga fatar wurin ta lotsa, kamar an danna yatsa a ƙullin fulawa. Wata safiyar ta ga ɗigo mai ruwan tsatsa a rigar nononta. Ta wanke shi da sabulu kafin ta haɗa da sauran wanki.

Ta canza yadda take ɗaga Hajiya. Da takan rungumo ta gaba da gaba, kan tsohuwar a ƙirjinta na hagu, ta ƙirga a zuci ta miƙe. Yanzu ta koma jingina ta a dama, ƙugunta ya fara ciwo.

Ta kama hannun mijinta wata rana yana shirin fita, kyamara a wuya. Ta ɗora a wurin.

"Ji da kanka."

Ya ji. Ta ga ya ji, don fuskarsa ta canza. Sai ya zare hannun ya gyara igiyar kyamara.

"Ɗaukar Hajiya ce. Jijiya ce ta harɗe. Kowa ya ɗauki mutum kullum sai wani wuri ya kumbura." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma kada ki bari Hajiya ta ji wannan zancen, jininta zai hau."

Da ya dawo ya kawo mata man zafi a leda, da busasshen murmushi irin wanda yake sa masu zuwa ɗaukar hoto su yi. Ta ajiye man a kan taga, bai sake tambaya ba.

Maƙwabta suna shigowa gaida Hajiya, su fita suna yabo. Irin wannan suruka sai an tona. Ladanki yana wurin Allah. Wata ma ta ce ta rame, amma ramar lada ce. Matar Yaya takan ce amin, ta raka su ƙofa.

Ran nan da hantsi tana yi wa Hajiya wanka. Ta gama, ta goge ta, ta sunkuya za ta ɗaga ta daga kujerar roba zuwa keke. Ƙasa da santsi, ta manta ta rungumo ta ta hagu. Zafin ya soke ta har cikin haƙori, ƙafarta ta goce, suka tafi tare sai da bango ya tare su. Ta samu ta dire tsohuwar a keke, ta durƙusa tana mayar da numfashi.

Hannun Hajiya mai lafiya ya sauko a hankali, ya sami wurin ba tare da lalube ba.

"Ya ƙara girma," in ji Hajiya.

Matar Yaya ta ɗago.

"Kullum kaina a nan yake kwanciya, 'yar nan. Tun yana ƙarami nake jin sa a kumatuna. Irinsa ne ya ɗauke ƙanwata. Haka ya fara mata."

"Kin sani, Hajiya."

"Na sani."

"Ba ki ce komai ba."

Tsohuwar ta kawar da kai wajen bututun ruwa. Yawu ya gangaro ta gefen bakin da ya mutu. "In suka kwantar da ke, wa zai juya ni? Wancan ko kofi bai iya riƙe min ba. Waccan kuma toshe hanci take yi tana zaton ban gani. Ke kaɗai ce ba kya sa in ji ni kaya ce." Ta juyo ta dube ta. "Na ce a raina ko zai baje. Ina ta yi miki addu'a."

Matar Yaya ta ɗauki tsumma ta goge mata yawun. Ta sa mata riga, ta shafa mata mai a ƙafa, ta taje mata kai. Ta ba ta maganin hantsi da shayi. Hajiya ba ta sake kallon idonta ba.

Sannan ta shiga ɗaki ta kira nas. Nas ta ce in za ta iya isowa kafin azahar, likita tana nan. Ta kira yayarta, wadda ke zaune a ɗaya gefen gari, suka yi magana gajera. Ta haɗa jakar Hajiya kamar kullum, ta zare ambulan daga ƙasa ta sa a wata jakar daban, tare da kayanta kala biyu.

Shagon ba nisa, ta tura keken a gefen titi. Hajiya ta tambayi ina za su, yau ba ranar gashi ba ce. Ta ci gaba da turawa.

Ta tarar da shagon a cike. Wani iyali ne suka zo hoton taro, an jera su gaban labule mai zanen lambu, uba a tsakiya, yara sun ƙame cikin sababbin kaya. Mai Hoto yana bayan kyamara yana cewa a matso, a ɗaga haɓa, uwargida a ɗan saki fuska. Ta tura keken har tsakiyar fitilun, ta taka birki.

"Madam, lafiya? Ba kya ganin ina aiki?"

Ta rataya jakar a hannun keken. "Maganin rana yana aljihun gaba, fari ɗaya, ja ɗaya, bayan ta ci abinci. Ana juya ta kafin la'asar, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo. In za ka ɗaga ta, ka sa hannunka ƙarƙashin hammatarta, kanta a ƙirjinka, ka miƙe da gwiwa ba da baya ba. Famfas yana ciki. Ruwan ɗumi take so, ba ta son tsumma mai sanyi."

Ya matso ya rage murya. "A gaban mutane? Ki bari in sallame su mu yi magana. Na ce zan kai ki."

"Ka ce."

"To kira Auta."

"Ƙanwarka ce. Lambarta na wayarka."

Iyalin suna tsaye yadda aka jera su, ba wanda ya motsa. Ƙaramar cikinsu ce kawai ta leƙo tana kallon keken.

Matar Yaya ta juya za ta fita, ta ji an riƙe ta. Hannun Hajiya ne ya damƙi gefen zaninta, riƙo mai ƙarfi, irin na wanda hannu ɗaya ya rage masa. Tsohuwar ba ta ce ta zauna ba, ba ta ce ta tafi ba. Matar Yaya ta sunkuya, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take yi in za ta yanke mata farce. Ta kamo hannun mijinta ta sa na uwarsa a ciki.

A bakin ƙofa tsohon teburin gilashin yana nan, fitilarsa a kashe, an ɗora masa kwalin firam. Ta wuce shi.

Tasi ta tsaya tun ɗagawar hannu ta farko. Tana shiga sai ga shi ya biyo ta, kyamara na lilo a wuyansa, ya dafa ƙofar.

"Haba Madam. Yanzu in suka ce ba komai fa? Duk wannan tonon asirin a kan me?"

"In suka ce ba komai, su ne suka faɗa."

"To yaushe za ki dawo? Ni ban san yadda ake canza mata ba."

"Ni ma ban sani ba ranar farko."

Ta ɗauke hannunsa daga kan ƙofar, ta ja ta rufe. Gilashin a sauke yake, don haka ya ji abin da ta gaya wa direba.

"Asibiti. Daga can gidan yayata za ni. Ba zan sake ɗaga kowa ba sai an gaya mini abin da ke ƙirjina."